Jagora Ga Sabon Zuwa: Yadda Baƙo Zai San Gari Da Wuraren Ziyara A Jihar Jigawa

Gabatarwa

A kowace shekara akan yi wa ma'aikata da dama sauyin wurin aiki a Jihar Jigawa. Malamin makarantar da aka haifa a Gwaram yakan wayi gari an tura shi Birniwa, malamin asibiti ɗan ƙasar Roni a kai shi Guri, malamin gona kuma daga Babura ya sami kansa a Buji. Ban da ma'aikata, akwai manoman rani da ke saukowa fadamun Haɗeja, da 'yan kasuwa, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da masu yi wa ƙasa hidima, har da amaren da aure ya kai garin da ba su taɓa takawa ba. Dukkan waɗannan sababbin zuwa ne, kuma tambayarsu ɗaya ce: idan an tashi daga aiki, ko Asabar da Lahadi suka zo, ina za a je, me kuma za a yi?

Amsar da mutane da yawa suka ba kansu sananniya ce. Da an sauko daga masallacin Juma'a sai tasha ta cika, kowa ya kama hanyar garinsu ko ta Kano, ba a sake ganinsa sai safiyar Litinin. Mutum yakan shekara uku a gari bai san komai ba sai hanyar ofis da ta tasha, idan kuwa aka tambaye shi sai ya ce ai garin babu abin gani. An shirya wannan bayani ne domin a nuna cewa abin gani yana nan birjik, a kuma bayyana hanyar da baƙo zai bi ya same shi.

Asalin al'adar gudun ƙarshen mako

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sanya Dutse ta zama babban birninta. A wancan lokaci ma'aikatan da aka dawo da su daga Kano sun tarar da ƙarancin gidaje da ofisoshi, saboda haka yawancinsu suka bar iyalansu a can suna zuwa suna komawa. Tsakanin 1999 da 2007 an rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa manyan garuruwan masarautu, daga baya kuma aka sake tattaro su a Dutse. Wannan yawan tashi da sauka ya sa ma'aikaci ya saba ɗaukar wurin aikinsa a matsayin zango kawai. Yau gidaje da hanyoyi da makarantu sun ƙaru ƙwarai, amma al'adar ba ta gushe ba.

Hasarar da ke cikin wannan ta shafi kowa. Shi ma'aikacin yana ƙarar da albashinsa a kuɗin mota, yana kuma jefa kansa cikin haɗarin hanya sau biyu a kowane mako. Su kuma mutanen gari sukan kawo mara lafiya ranar Asabar su tarar da ɗakin shan magani a rufe. Aikin kansa yakan sami tangarɗa: malamin gonar da bai san ranar da kasuwar yankin ke ci ba zai kira taron manoma a wannan rana, ya zauna shi kaɗai da kujeru, sannan ya rubuta rahoto cewa jama'a ba su da haɗin kai. Ashe ke nan sanin gari wani ɓangare ne na aikin da aka turo mutum ya yi.

Matakin farko: gaisuwa

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A ƙasarmu ba a fara sanin wuri daga allon sanarwa ko daga taswirar da ke cikin waya, domin yawancin abubuwan da suka cancanci gani ba a rubuta su a ko'ina ba, suna cikin kawunan dattawa. Saboda haka abin da ya fara wajaba a kan baƙo, a cikin makonsa na farko, shi ne ya je ya gai da mai unguwa, wanda a wasu sassan ƙasar Haɗeja da Gumel ake kira bulama. Mai unguwa zai kai shi ga dagaci, idan kuma aikinsa ya shafi gunduma baki ɗaya, a gabatar da shi ga hakimi. Ya faɗi sunansa da garinsu da aikin da ya kawo shi. Wannan gaisuwa ita ce mabuɗin kowace ƙofa, domin daga ranar an san shi, an kuma san wanda za a tambaya game da shi.

Bayan haka sai ya lazimci masallacin unguwa da majalisar da ake zama bayan sallar La'asar ko Isha'i. A nan ne zai ji inda ake ɗaurin aure, da ƙauyen da za a yi kokawa, da ranar da za a buɗe tafki a yi su. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ta sa suka san ƙasa fiye da kowa: direbobi da 'yan kamasho a tasha sun san hanyar da ke biyuwa da wadda ruwa ya yanke, sarkin kasuwa ya san kasuwannin kewaye, sarkin ruwa ya san kogi da lokutansa, mai shayi da wanzami kuwa babu labarin da ke wuce su. Matambayi ba ya ɓata.

Ga mata sababbin zuwa, hanyar ita ce maƙwabta da makarantar Islamiyya da gidajen suna da biki. Ya kamata maigida ya ba iyalinsa damar shiga cikin matan unguwa tun da wuri, domin sau da yawa kaɗaicin uwargida ne ke sa iyali su koma garinsu, shi kuma ya shiga zirga-zirgar ƙarshen mako.

Yana da kyau baƙo ya tanadi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya ji. Tambayoyi huɗu sun isa a fara da su:

1. Waɗanne kasuwanni ne ke ci a kewaye, kuma a waɗanne ranaku?
2. Wane ne ya kafa garin nan, ina kuma tsohon mazauninsa ko kufansa yake?
3. Da wace sana'a ko amfanin gona aka san mutanen wurin?
4. Akwai wurin da ba a shiga sai da izini?

Kasuwannin mako

Babu inda baƙo zai ga yankin da ya zo gaba ɗayansa a yini guda kamar kasuwar mako. A nan zai ga abin da ƙasar ke nomawa, ya ji harsunan da ake yi, Hausa da Fulatanci, a arewa maso gabas kuma har da Manganci da Badanci, ya kuma san farashin kaya tun daga tushe. Jihar tana da kasuwanni da suka yi suna har wajen iyakokinta. Kasuwar Shuwarin a Ƙaramar Hukumar Kiyawa, wadda ke dab da Dutse, tana ci ranar Litinin. Ta Sara a Ƙaramar Hukumar Gwaram tana ci ranar Talata. Ta Maigatari, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tana ci ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, inda ake kawo shanu da tumaki da awaki da dawaki da raƙuma, fatake kuma su yi lodinsu zuwa kudu. Ta Gujungu a Ƙaramar Hukumar Taura tana ci ranar Lahadi, don haka ita ce ta fi dacewa da ma'aikacin da ba ya samun sarari a ranakun aiki. A Haɗeja kuma akwai kasuwar kifi, ɗanye da banda, wadda ake zuwa saye daga jihohi masu nisa.

Wanda ya je kasuwa domin kallo ya fita da sassafe, ya fara da kara inda ake cinikin dabbobi kafin rana ta take, sannan ya zagaya 'yan hatsi da 'yan tukwane da maƙera da dukawa. A ƙasar Gumel zai ga riɗi da zoɓo buhu-buhu a lokacin kaka, waɗanda ake fitar da su har ƙasashen waje. Yara suna ƙaruwa sosai da irin wannan fita, musamman waɗanda suka tashi a birni ba su taɓa ganin raƙumi ido da ido ba. Sai dai a riƙe hannunsu, a kuma nisanta su daga inda ake lodin shanu.

Wuraren ziyara a masarautu biyar

Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 a ƙarƙashin masarautu biyar, wato Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Duk inda aka tura mutum, akwai wurin da zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya.

Masarautar Dutse

Ta ƙunshi Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Wanda ya sauka a babban birnin jiha ya fara da Garu, tsohon gari da ke tsakanin duwatsu, inda fadar Mai Martaba Sarki take. Daga kan duwatsun ana hango sabon gari da gonaki da itatuwan dabino da Dutse ta yi suna da su. A garin akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa wanda ke kula da binciken dabino, kuma manomin da ke sha'awar dasa dabino zai ƙaru idan ya nemi izini ya ga yadda ake renon dashe da yadda ake yi wa itacen barbara da hannu, domin dabino yana da namiji da mace, macen kuwa ba ta ba da 'ya'ya masu kyau sai an kai mata garin furen namiji.

Kudu da Dutse akwai Birnin Kudu, inda zane-zanen kan dutse suke. Mutanen da suka rayu a wurin tun zamani mai nisa sun zana siffofin shanu a jikin kogunan duwatsu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Masana sun fara nazarin su a tsakiyar shekarun 1950, cikinsu har da Bernard Fagg, daga baya kuma aka sanya su cikin kayan tarihi na ƙasa a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Tarayya. Abin lura ga mai ziyara shi ne da yawa daga shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin shanun da muke kiwo a yau, wanda ke nuna irin dabbobin da aka yi kiwo a wannan ƙasa kafin na yanzu su yaɗu. A kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe, kuma ramukan da ke jikinsu shaida ce ta yawan kaɗa su da aka yi. Ana roƙon masu ziyara su nemi jagora daga ma'aikatan wurin, kada su shafa zanen, kada su zuba masa ruwa domin ya fito a hoto, kada kuma su rubuta sunayensu a jikin dutsen. Abin da ya daɗe haka yana nan, minti ɗaya ya isa a lalata shi. A garin ne kuma tsohuwar Kwalejin Gwamnati take, wadda ta yaye fitattun mutane irin su Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Aliko Ɗangote.

Masarautar Haɗeja

Ta ƙunshi Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da Kiri Kasamma. Ƙasa ce ta ruwa da tarihi. A birnin Haɗeja mai ziyara zai ga ragowar ganuwa da fada, dattawa kuma za su ba shi labarin Sarki Buhari, wanda ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19, da na yaƙin da aka gwabza da Turawa a ranar 25 ga Afrilu, 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu tare da jama'arsa da dama, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. A Ƙaramar Hukumar Malam Madori akwai Garun Gabas, wanda tarihi ya nuna shi ne mazaunin Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Malaman makaranta da ke koyar da wannan tarihi a aji za su yi wa ɗalibansu babban alheri idan suka kai su wurin, domin gani ya kori ji.

Gabas da Haɗeja, a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, akwai dausayin Baturiya, wani yanki na fadamun Haɗeja da Nguru. Idan kogi ya cika da damina yakan malala ya mamaye ƙasa mai faɗi, idan ya janye kuma ya bar tafkuna da ciyawa da kifi. Wannan ne ke jawo tsuntsaye. An ƙidaya sama da iri 300 a waɗannan fadamu, wasu mazauna ne kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, wasu kuma baƙi ne, musamman agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai su ƙetare hamada domin guje wa sanyin can. A shekarar 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya ko da yamma liƙis. Wuri ne da aka keɓe, don haka ba a harbi, ba a ɗana tarko, ba a saran itace. Mai ziyara zai kuma ga matsalolin da mutanen yankin ke fama da su da idonsa, kamar ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa, da yadda yawan ruwan da ke isowa ya dogara ga abin da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano. Jami'in da ya ga wannan zai fi fahimtar koken masunta da manoma idan suka zo ofishinsa.

Masarautar Gumel

Ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa sarautar a ƙarni na 18, kuma dangantakarta ta tarihi ta fi ƙarfi da Borno. A nan ne baƙo zai ga jigayin yashi da jihar ta samo sunanta daga gare su, da itatuwan ƙaro, da shingayen itatuwa da aka dasa domin tare kwararowar hamada. Mutanen Gumel ma'abota doki ne, hawan Sallarsu kuma abin zuwa kallo ne.

Masarautar Kazaure

Ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Ɗan Tunku ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Ƙasa ce mai tuddai da duwatsu, wadda ta bambanta da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin jiha. Madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba tana cikin garin Kazaure, wurin shan iska ne da yamma, akwai kuma tafkin Wawan Rafi. A gefen waɗannan ruwaye ana noman rani, inda mutum zai sayi kayan lambu daga hannun manomi.

Masarautar Ringim

Ta ƙunshi Ringim da Taura da Garki da Babura. An san Ringim da malamai da karatun Alƙur'ani da kuma tsohuwar sana'ar rini. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930 ta ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, kuma tsofaffin tashoshinta da kantunan Turawa da Kwarori na zamanin cinikin gyaɗa suna ba da labarin yadda waɗannan garuruwa suka bunƙasa.

Kowane lokaci da abinsa

Wanda ya san lokutan shekara ba zai rasa inda za shi ba. Da damina ƙasa takan yi kore shar, duwatsun Dutse da na Kazaure su yi kyan gani, amma lokaci ne na taka tsantsan, domin hanyoyin fadama sukan yanke. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba garuruwa da dama na kwarin Haɗeja da sauran jiha na tsawon makonni. A wannan lokaci gara a tsaya kusa da gida, a bi maƙwabci gona, ko a nemi aron ɗan fili a shuka gyaɗa ko wake.

Kaka ita ce lokacin wasanni. Idan amfani ya zo gida akan yi kokawa da dambe da kalankuwa a ƙauyuka, Fulani kuma su yi shaɗi, sannan bukukuwan aure su yawaita. Da hunturu sai a nufi Baturiya da gonakin alkama da shinkafar rani na Auyo da Haɗeja. Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, garuruwan bakin kogi sukan sa ranar su, inda jama'a ke faɗawa tafki da koma da gora bayan sarkin ruwa ya ba da izini. Da bazara kuma, saboda tsananin zafi, a taƙaita fita zuwa safiya da maraice.

Bukukuwan addini suna bin watannin Musulunci. Ana shawartar sabon zuwa da ya yi aƙalla Sallah ɗaya a garin da yake aiki. A nan zai ga hakimai da dagatai sun shigo da dawakansu domin gaishe da Sarki, ya ji kirarin kowace gunduma, ya kuma gane yadda ƙasar ta haɗu. Haka nan Maulidi da saukar Alƙur'ani da musabaƙa taruka ne da ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Rediyon Jigawa yakan sanar da da yawa daga cikin irin waɗannan taruka.

Ladubban ziyara da kiyaye lafiya

Duk ƙauyen da aka je, a fara sallama ga mai garin kafin a wuce zuwa dutse ko tafki ko kufai. Kada a ɗauki hoton mutane, musamman mata, sai da yardarsu. Maƙabartu da hubbaren malamai da fadodi suna da ƙa'idojinsu, a tambaya kafin a shiga. Kada a ratsa gonar mutane da mota ko babur, kada kuma a ɗebi wani abu daga kufai, ko da fasasshen kasko ne. Idan an ba mutum yaro ya yi masa jagora, ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Game da ruwa kuwa, a yi hattara ƙwarai. Kusan kowace damina ana rasa rayuka a hatsarin kwalekwale da kududdufai. Kada a shiga jirgin da aka cika shi fiye da kima, kada a ƙetare kogi da dare ko lokacin da hadari ya haɗo, a kuma sa rigar kariya daga nutsewa inda take samuwa. Kada a bar yara su yi wanka a ruwan da ba a san zurfinsa ba. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance yakan sa cutar tsargiya. A tafi da ruwan sha mai tsabta, a sa takalmi mai rufi idan za a hau dutse saboda maciji da kunama, a shaida wa wani inda za a je, a kuma yi ƙoƙarin dawowa kafin Magariba. Wanda zai je garuruwan bakin iyaka ya riƙe katin shaidarsa, kada kuma ya ƙetara sai ta hanyar da hukuma ta amince.

Fita irin wannan ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aikata huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗin mai su tafi a mota ɗaya, a yi guzurin dambu ko fura daga gida. Abin da za a kashe bai kai na zuwa Kano da dawowa ba.

Kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu sarauta

Baƙo ba zai san gari ba idan masu gari ba su buɗe masa ƙofa ba. Saboda haka ana jawo hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an yaɗa labarai da na sashen walwalar jama'a zuwa ga waɗannan abubuwa:

1. Kowace ƙaramar hukuma ta rubuta taƙaitaccen bayani, ko da shafi biyu ne, mai ɗauke da ranakun kasuwanni da wuraren tarihi da lokutan bukukuwa da sunayen gundumomi, a riƙa miƙa shi ga duk ma'aikacin da ya kawo takardar kama aiki.
2. Shugaban sashe ya ɗauki nauyin kai sabon ma'aikaci gaisuwa wurin hakimi da dagaci a makon farko.
3. Hakimai da dagatai su sa a rubuta tarihin garuruwansu daga bakin dattawa tun suna raye, a ajiye kwafi a makarantar gari da sakatariya.
4. A hana fasa duwatsu da ɗibar ƙasa a wuraren tarihi, a kuma hana gini ko noma a kan ganuwa. Duk inda aka tono wani tsohon abu a sanar da hukuma.
5. Shugabannin makarantu su shirya wa ɗalibai ziyara aƙalla sau ɗaya a shekara zuwa wani wuri a cikin masarautarsu, da sanin iyaye da isassun malamai masu rakiya.

Su ma mutanen gari suna da nasu rabon. Idan malami ko ma'aikacin lafiya ya sauka a garinku, ku gayyace shi ɗaurin aure da suna, ku nuna masa inda ake zama, ku taimaka masa da masauki mai kyau. Ma'aikacin da ya ji daɗin zama yakan kawo iyalinsa, wanda ya kawo iyalinsa kuwa ana samunsa ranar Asabar idan buƙata ta taso da tsakar dare.

Kammalawa

Ba a cewa mutum ya yanke zumunci da garinsu. Ziyarar iyaye da dangi wajibi ce. Shawarar ita ce sabon zuwa ya ware ko da Asabar ɗaya a kowane wata ya zauna inda yake aiki. A wata na farko ya zagaya gari da ƙafa tare da wani ɗan gari. A na biyu ya je kasuwar mako mafi kusa. A na uku ya ziyarci wurin tarihi ko bakin ruwa da iyalinsa. A na huɗu ya halarci wani biki ko wasa a ƙauye. Kafin shekara ta zagayo zai san wurare goma sha biyu da mutanen da ke cikinsu, kuma shi ne zai riƙa yi wa wanda ya zo bayansa jagora.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa ko fadar hakimin gundumar da yake zaune. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kuma albarkaci Jihar Jigawa, tarin Allah.